A Dawo Litinin

Ranar wata Talata da hantsi Duane Halvorsen ya kawo mini wani akwatin gem, irin mai cin kwandala, a bayan a-kori-kura, ɗaure da igiya kamar saniyar da za a kai kasuwa. Tun daga ƙofar shago na shaida akwatin. Zirnako muke ce masa muna yara, saboda ƙaton zirnakon da aka zana a gefensa, ja da rawaya. A duk gundumarmu guda ɗaya tak aka taɓa kawowa, kuma na babana ne.

Sunana Lorna Bekker. Shekarata ashirin da biyu ina tayar da matattun akwatunan gem a wannan shago, nan arewacin Wisconsin. Sana'ar gado ce. Babana, Otto Bekker, shi ke ajiye su a wuraren mutane lokacin da ake yayinsu: gidan wanki, mashaya, gidan mai, duk inda samari ke taruwa da kwandala a aljihu. Wanda ya lalace ya je da kansa ya gyara. Yanzu kuwa waɗannan samarin ne ke dawo mini da su, da furfura da tumbi, wai in mayar da su 'yan shekara goma sha biyar. Akwatin ina iya gyarawa, tumbin kuwa sai dai su nemi wani.

"Ke ce 'yar Otto ko?" in ji Duane, yana kwance igiya. Dogo ne, ya kusa sittin, tsohon direban motar madara.

"Ni ce, Mista Halvorsen. Yi a hankali da gefen nan, kada ka ƙarasa ɓare zanen."

"Duane kawai. Kin gane shi?"

Na ce na gane shi. Ai ba ni kaɗai ba, duk wanda ya tashi a garin nan ya san labarin. Ranar wata Lahadi cikin Agustan 1983, Curtis, wan Duane, ɗan shekara goma sha tara, ya fito daga tafki ya shiga rumfar Misis Lindgren mai askirim, ya jefa kwandala a Zirnako, ya yanke jiki ya faɗi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Misis Lindgren ta rufe rumfar a makon, ba ta sake buɗewa ba. Ina da shekara tara a lokacin.

"Tsohuwar ta rasu cikin Afrilu," in ji Duane. "'Ya'yanta suka fito da kayan sito suna sayarwa. Sai ga shi a lulluɓe da tamfol. Shi ne abu na ƙarshe da Curtis ya taɓa a duniya, Lorna. So nake ki mayar mini da shi yadda yake a ranar. Zan sa shi a ɗakin ƙasa, jikokina su riƙa bugawa."

"Ba ka dai jona shi ba ko?"

Ya sosa ƙeya. Da na ga wannan susar na san amsar, duk haka suke yi.

"Sau ɗaya ne, a gareji. Har ya kawo haske. Sai dai da na taɓa ƙofar kwandala ya ɗan cije ni."

"Ya cije ka."

"Kaɗan, kamar tsiyayar wutar tsohon firji."

"Me ke ƙafarka a lokacin?"

"Takalmin aiki mana. Ina ruwan takalmi kuma?"

Na wanke shi tas. Na ce masa abin da ya shekara arba'in a sito, ɓeraye na haihuwa a cikinsa, mai hankali ba ya jona shi, kuma in yana neman hanyar lahira ya je ya nema can, ba a kan aikina ba. Ya yi dariya ya ce bakin ubana na ɗauko. Muka tura akwatin ciki, ya tafi. Ni kuwa maganar cizon nan ta tsaya mini a rai.

Da na kwance ƙofar baya wari ya buge ni, fitsarin ɓera da tsohon hayaƙin taba. Na sa safar hannu da takunkumi na kwashe sheƙa biyu da gawar ɓera guda da ta bushe. Sannan na sauke wutar da ke kwance a gilashin hoton, don waɗannan tsofaffin gilasai suna riƙe wuta ko an kashe su: sukundireba a hannun dama, hannun hagu a aljihun baya, yadda Baba ya koya mini. Ya yi ƙara tas, na maimaita sau biyu. Sai na bi wayar wuta tun daga bakinta.

Filogin ƙafa biyu gare shi. Ta ukun, wadda ke kwashe ɓatacciyar wuta ta zuba a ƙasa, an datse ta da filaya, datsa mai tsabta. Wannan kaɗai bai tayar mini da hankali ba. Rabin masu sana'ar zamanin haka suke yi, don soket ɗin tsofaffin shaguna rami biyu ne. Ganganci ne, amma gangancin kowa da kowa.

Abin da na gani a gindin akwatin shi ya sa na zauna a ƙasa. Akwai wata taransifoma a irin waɗannan akwatuna, aikinta ɗaya ne: ta shiga tsakanin wutar bango da ƙarafan jikin akwatin. Wannan ta ƙone ƙurmus, kuma maimakon a sauya ta, wani ya tsallake ta, ya haɗa waya da waya kai tsaye. Duk wanda ya yi haka, fis zai yi ta ƙone masa, sai fa in ya datse ƙafar nan ta uku. Wato ba don soket aka datse ta ba. An datse ta ne don akwatin ya daina kashe kansa, ya ci gaba da karɓar kwandala.

Ban yarda da idona ba, sai da na gwada. Na tsaya a kan tabarmar roba na jona shi, na ɗora bakin mita ɗaya a ƙofar kwandala, ɗaya a bututun ruwan shago. Volt ɗari da goma sha bakwai. Wutar bango ce cur, kwance a kan ƙarfen da kowa ke taɓawa. Mai takalmi a busasshen katako zai ji ɗan cizo ya yi tsaki. Wanda ya fito daga tafki, jikinsa na ɗiga, ƙafarsa ba komai, a kan simintin rumfar Misis Lindgren kuwa, ba sai na ƙarasa ba. Na zare filogin.

An naɗe haɗin da salatif rawaya, an lanƙwasa ƙarshensa ya yi ɗan kunne don a ji daɗin warwarewa. Ni ma haka nake naɗe nawa har gobe, kuma na san a wurin wa na koya. Duk da haka na ce wa kaina salatif ai salatif ne. Sai na juya ƙofar bayan da na jingine a bango. Al'adar masu sana'ar ce, duk gyaran da mutum ya yi ya rubuta da fensir a cikin ƙofar, don na bayansa. Layi bakwai ne, duk hannu ɗaya, hannun da Baba ke sa mini a takardun makaranta. Na ƙarshen ya ce: 12 Agusta 83. Taransifoma ta ƙone, na tsallake. A dawo Litinin. O.B.

Sha biyu ga wata Juma'a ce. Curtis ya faɗi ranar Lahadi.

Washegari da azahar na rufe shago na tafi wurin Baba. Shekararsa tamanin da biyu, shi kaɗai a gidan tun rasuwar Mama, ƙafa ta yi rauni amma kai garau. Na same shi a kicin yana yanka cuku a kan biredi. Ban gaishe shi ba. Na ajiye masa wayata a gabansa, da hoton rubutun a buɗe.

Ya gyara tabarau ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ture wayar da bayan wuƙa, a hankali.

"A ina kika samo shi?"

"Duane Halvorsen ya kawo. Jikokinsa yake so su buga."

"Kada ki bari a jona shi."

"Haba Baba! Abin da za ka ce ke nan?"

Ya ajiye wuƙar. Ya ce ranar Juma'ar ba shi da taransifoma a mota, mai sayarwa kuma sai Litinin, ga ƙarshen mako mafi cika a shekara, tafki ya cika maƙil. Ya tsallake ta, fis ya ƙone, ya sa wani ya ƙone, sai ya ɗauko filaya. Ya ce ya taɓa ƙofar da hannunsa ya ji cizon kaɗan ne. Ya ce ya yi hakan a mashaya ya fi sau goma, ba abin da ya faru.

"A mashaya mutane da takalmi suke shiga," na ce.

"Na sani, Lorna. Tun daren Lahadin na sani."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na je in faɗa. Har na tsaya a ƙofar ofishin ɗan sanda. Sai na ji ana cewa likita ya ce zuciya." Ya kalli taga. "Ni wane ne da zan ƙaryata likita? Ga ki 'yar shekara tara, ga uwarki da tsohon ciki. Na ce bari a yi jana'iza tukuna. Daga nan na ce bari a kwana biyu."

Sai a lokacin na gane abubuwan da na tashi ina gani. Shekara goma sha tara Baba na zuwa kwashe wa uwar Curtis ƙanƙara a ƙofar gida duk hunturu, ba ya karɓar ko kofin shayi. Garin nan har yabonsa ake yi a kai. Ni kaina na sha yin alfahari da shi.

"Me kake so in yi?" na ce.

"Aikinki. Sabuwar waya, sabuwar taransifoma. Ƙofar bayan nan ta sha ruwa, ki yanka sabuwa. Ba mai cewa kin yi ba daidai ba."

"Kayan da na cire fa? Kai ka ce duk abin da na cire a akwatin mutum nasa ne, ko ƙusa ce in mayar masa a hannu."

"Ki mayar masa mana," in ji shi, ko gezau. "Direban madara ne. Me ya sani a kan waya?"

Wallahi da kuka ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na ɗauki wayata na fita, ya bi ni da kira in tafi da sauran cukun, ban waiwaya ba.

Mako uku na yi a kan Zirnako, kuma ban taɓa yin aikin da ya yi kyau kamarsa ba. Na sauya duk ƙananan kayan da suka bushe a allon hoton, na sake dalmar da ta tsattsage, na wanke maɓallai ɗaya-ɗaya da buroshin haƙori. Gindin da ya ruɓe na yanke na dasa sabon katako. Zanen gefe na cike shi da siririn buroshi, kwana huɗu ina haɗa jan fenti kafin ya dace. Na sa sabuwar taransifoma da sabuwar waya mai ƙafa uku, na gwada da mita ya fi sau ashirin. Ranar da ya kawo hoto, zirnakun suka sauko layi-layi suna wannan kukan nasu, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Na kashe sautin, ban sake kunnawa ba.

Na yanka sabuwar ƙofar baya kamar yadda Baba ya ce. Tsohuwar na kai ta bakin kwandon shara sau biyu, na dawo da ita sau biyu. A ƙarshe na yanke wurin rubutun da zarto, faɗin tafin hannu biyu, na jefa a kwali tare da ƙonanniyar taransifoma da wayar da filoginta. Na ce wa kaina zan miƙa masa kwalin kamar yadda nake miƙa wa kowa. In ya gani ya gane, Allah ne ya so. In bai gane ba, na fita hakkinsa. Na san dabarar matsorata ce, amma ita na iya. Baba bai kira ni ba a makonnin nan, ni ma ban kira shi ba.

Duane ya zo ranar Asabar da safe. Ya tsaya a gaban akwatin yana kallonsa. Na ba shi kwandala, ya jefa, ya kama sandar sarrafa gem ɗin da wannan ƙaton hannun nasa. Ko minti ɗaya bai yi ba zirnaku suka cinye shi.

"Tabɗi. Har yanzu ban iya ba," in ji shi, yana dariya yana share ido. "Curtis ne gwani. Ni kallo nake yi."

Na ɗauko kwalin na miƙa masa. "Ga kayan da na cire. Naka ne."

Ya leƙa ciki kamar mai leƙa tukunyar da ba komai, ya mayar mini. "Me zan yi da tarkace? Zubar kawai."

Shi ke nan. Na miƙa, ya ƙi. Na ji wani sanyi ya sauko mini har ƙafa, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na ajiye kwalin a kan tebur na je ɗauko amalanken da za mu tura akwatin.

"Kin san ni na kashe shi?" in ji Duane daga bayana.

Na tsaya.

"Ba wanda na taɓa faɗa wa, ko matata. Ranar nan ni na ce mu yi tseren iyo zuwa tsibiri mu dawo. Ya ce ya gaji, ya kwana yana aiki a gidan katako. Na ce masa matsoraci, a gaban 'yan mata. Sai ya shiga. Ya cinye ni kuwa, ya fito yana haki, ya ce in jira shi ya buga ɗaya." Ya shafa gefen akwatin. "Likita ya ce zuciyar ce ta gaji. Mamanmu ta yi ta tambaya me ya gajiyar da yaro ɗan sha tara, ina zaune a gabanta, na yi shiru. Har ta mutu ban faɗa mata ba. Shi ya sa ba na barin jikokina su shiga tafki. 'Yata cewa take na haukace."

Ya faɗe shi ne ba kuka ba komai, kamar mai ba da labarin ciwon baya da ya saba da shi. Shekararsa goma sha shida lokacin. Na dube shi, na dubi kwalin. Na tuna Baba da sandarsa, da hannunsa a kan nawa ranar da ya fara koya mini riƙe ƙarfen dalma. Ina son tsohon nan, har a wannan lokacin ina sonsa, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan.

"Duane, zauna," na ce.

Na juye kwalin a kan tebur. Na nuna masa filogin, na ce ya ƙirga ƙafafun. Na nuna masa taransifomar da haɗin salatif, na yi masa bayani da irin maganar da direban madara zai gane: wutar bango tana kan ƙofar kwandala, takalminsa ne ya cece shi a gareji, wansa kuwa ba takalmi, a jiƙe, a kan siminti. Na ce ni ba likita ba ce, amma na san wuta, kuma ko Curtis bai taɓa ruwa da niyyar tsere ba, muddin ya shigo a jiƙe haka, abin da zai faru ke nan. Sannan na tura masa guntun katakon.

Ya karanta yana motsa leɓe. Ya sake karantawa. Ya ɗora yatsa a kan haruffa biyun ƙarshe.

"Otto," in ji shi.

"Shi ne."

"Otto da ke kwashe wa Mama ƙanƙara."

"Shi."

"Ya sani?"

"Tun ranar."

Na zaci zai yi ihu, ko ya kifar da teburin, har na ja baya. Bai yi ko ɗaya ba. Wuyansa ya yi ja, ya sa hannu ya kwashe kayan ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin kwalin, a tsanake, katakon a sama. Ya rungume kwalin a ƙirji ya miƙe.

"Yana nan a gidan nan na bayan coci?"

"Duane, shekararsa tamanin da biyu."

"Ban tambaye ki shekarunsa ba."

Ya fita ya bar akwatin a kunne. Na bi shi har bakin titi ina kiran sunansa, ya ja ƙofar mota ya tayar. Daga shagona zuwa gidan Baba tafiyar minti shida ce. Na koma ciki da gudu ina neman makullin motata, na ɓata mintoci na kasa ganinsa, sai na kira Baba. Ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka, don sai ya taso daga kujera.

"Baba, na faɗa masa. Duka. Yana hanya."

Ina jin numfashinsa.

"Ka kulle ƙofa, ga ni nan zuwa. Kana jina? Ka kulle, kada ka buɗe sai na iso."

"Da kwalin kayan da kika cire ya taho?"

"Da shi."

"To." Na ji ƙarar labule, sannan ƙarar taya a kan tsakuwar ƙofar gida. "Ga shi nan ma ya iso. Ajiye wayar, Lorna. Ba zan iya riƙe sanda da waya in buɗe masa ƙofa ba."